Jarrabawar MDCN: Kada a sassauta, a shirya yaranmu

A watan Nuwamban 2023, matasa 836 da suka karanto likitanci a ƙasashen waje suka zauna jarrabawar hukumar kula da aikin likitoci ta ƙasa, MDCN, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. 433 suka faɗi. Fiye da rabi ke nan.

Duk sa'ad da irin wannan sakamako ya fito, sai a fara ƙorafin cewa ana ƙuntata wa yara, alhali asibitocin karkara na kukan rashin likita. Ƙorafin na da tushe. Uban da ya sayar da gona a Makoɗa ko Kunchi ya tura ɗa Sudan ko Masar, yaron ya dawo da digiri amma ba shi da ikon rubuta wa kowa magani, ai dole ransa ya ɓaci.

Sai dai sassauta jarrabawar ba gata ba ne ga mutumin ƙauye. A babban asibitin birni, sabon likita na da manya a kansa masu gyara masa kuskure. A Ɗambatta ko Bichi kuwa, idan aka kawo mai naƙuda tana jijjiga da tsakar dare, ko yaron da zazzaɓin cizon sauro ya shanye wa jini, sau da yawa likita ɗaya ne a bakin aiki. Abin da ya sani shi ke nan.

Jarrabawar ma ba ta tsaya ga tambayoyin kwamfuta ba. Akwai sashen da ake gwada yadda mutum zai saurari mara lafiya, ya duba shi, ya yanke shawara. Wanda ya yi karatu a inda ba a ganin sikila da taifot kullum, ko yaƙin Sudan na 2023 ya katse masa zuwa asibiti, a nan zai sha wuya.

Gwamnatin Kano ta daɗe tana kashe kuɗi kan tura ɗalibai waje, tun zamanin Kwankwaso. Ya kamata ta ƙarasa ladanta. Duk wanda ya dawo, ko ita ta tura shi ko iyayensa, a ajiye shi 'yan watanni a Asibitin Murtala ƙarƙashin ƙwararru, da ɗan alawus, kafin ya zauna jarrabawa. Sharaɗi ɗaya: idan ya ci, ya gama shekarar koyon aiki, ya yi shekara biyu a asibitin ƙaramar hukumarsa.