Kafin Ka Miƙa Musu Makullanka, Tambayi Ina Ƙofar Fita

Watan jiya aka zare wayar gwaggona a wurin biki. Kafin kwana uku ɗanta ya sayo mata wata, muka zauna za mu dawo mata da lambobinta da hotunan jikoki. Na ce, "Gwaggo, mene ne faswod ɗin imel ɗinki?" Ta ce, "Ai yaron nan mai shagon waya ne ya buɗe min, shi ya sani." Yaron kuwa ya fi shekara biyu da tashi daga shagon. Wani cikinmu ya ce a gwada lambar wayarta. Aka gwada, ya buɗe. Ɗakin ya ɗauki hamdala, ni kuwa gabana ya faɗi, domin abin da muka canka cikin minti guda, ɓarawon da ke riƙe da layinta ba zai gagare shi ba. Bai kuwa gagare shi ba. Ashe tun daren farko ya shiga Facebook ɗinta da wannan lambar dai, yana ta aika wa dangi saƙo cewa tana kwance a asibiti, a taimaka. Mutum biyu sun tura.

Na san abin da masana za su ce, kuma gaskiyarsu ce: a sa manhajar adana kalmomin sirri. Ita za ta ƙirƙiro wa kowane asusu tasa kalmar, doguwa, marar kan gado, ta kulle su a taska guda, kai kuma ka haddace makulli ɗaya tak. Tana da wata fa'ida da ba a cika faɗa ba: idan 'yan damfara suka turo maka shafin bogi mai kama da na bankinka, idonka zai iya ruɗuwa, amma ita adireshin shafin take dubawa, sai ta ƙi cike gurbin. Duk na yarda. Abin da ya tunzura ni na ɗauki alƙalami shi ne abin da na tarar da na shiga neman wadda zan sa wa Gwaggo.

Da ka tambayi intanet, jerin "goma mafiya kyau" zai yi maka rubdugu. Ka bi a hankali, za ka ga a can ƙasa, da ƙananan haruffa, an rubuta cewa mai shafin yana samun la'ada idan ka saya ta hannunsa. Dillali ne ya sa rigar malami. Shi ya sa manhajar da ba ta biyan la'ada take komawa ƙasan jeri, ko ma a manta da ita. Zai yi maka dogon bayani a kan kyawun launi da santsin maɓalli, amma ba zai tsaya a kan tambayar da ta fi kowace muhimmanci ba: ranar da kamfanin ya sauya ra'ayi, ya za ka yi ka kwashe kayanka?

Kuma suna sauyawa. A watan Maris na 2021 LastPass, ɗaya daga cikin waɗannan kamfanoni, ya wayi gari ya ce wa masu amfani da shi kyauta su zaɓa, ko waya ko kwamfuta, ba duka biyu ba, sai an biya. A 2025 kaɗai, Microsoft ya cire ajiyar kalmomin sirri daga manhajarsa ta Authenticator ya tura mutane zuwa burauzarsa ta Edge, Dashlane ya soke tsarinsa na kyauta, Dropbox kuwa ya rufe tasa manhajar ɗungurungum. Haƙƙinsu ne, kasuwanci suke yi, ban ce su yi mana sadaka ba. Amma a daina kiran tarko da sunan kyauta. Sai da suka bari ka zuba musu makullai ɗari, ka manta da kowanne, sannan suka zo da takardar haya. Ga Ba'amurke dala uku a wata kuɗin shayi ne. Ga wanda ke karɓar albashi da naira, wanda ya shafe shekaru katinsa na banki ba ya sayen komai da dala, wannan rufe ƙofa ce da mutum a ciki.

Sai mu zo ga babban abin kunya. A watan Agusta na 2022 masu kutse suka shiga LastPass, kamfanin ya ce bayanan jama'a suna nan lafiya. Ashe ba a gama ba. Ɓarayin sun bi ɗaya daga cikin injiniyoyi huɗu kacal da ke da izinin shiga rumbun ajiya, har kwamfutarsa ta gida, ta wata tsohuwar manhajar kallon fina-finai da bai sabunta ba, suka dasa abin da ke naɗar duk harafin da ya danna. Da haka suka kwafi taskokin mutane. Yaushe aka fito aka faɗa wa jama'a cewa an kwafi taskokinsu? Ranar 22 ga Disamba, ana gab da Kirsimeti, hankalin kowa ya tafi hutu. Kalmomin sirrin a kulle suke, gaskiya ne, amma adireshin shafukan da mutum ke shiga a buɗe aka bar su, wato ɓarawo ya san wane akwati ne ya cancanci wahalar fasawa. Tunda kuma kwafin yana hannunsa, ba mai hana shi gwada miliyoyin kalmomi dare da rana. Wanda makullinsa gajere ne, ya shiga uku. Kamfanin da sana'arsa guda ɗaya ce, riƙon amana, shi ya yi wannan. Har yau za ka gan shi a jerin dillalan nan, ko kunya.

To, sai a koma rubuta faswod a bayan kalanda? A'a. Darasin LastPass shi ne ka ɗauka tun farko cewa wata rana za a sace taskarka, sai ka zaɓi wadda ko an sace ba za ta buɗu ba. 1Password na ƙasar Kanada, misali, ban da makullin da ka haddace, yana da wata doguwar lamba da ke zaune a kan na'urarka kawai, don haka kwafin da ke hannun kamfani shi kaɗai ba ya amfanar ɓarawo. Amma ba shi da tsarin kyauta. Bitwarden yana da shi, ba ya iyakance maka yawan na'urori, kuma tsarin ginin manhajar a fili yake ga duk masanin da ke son ya bincika. Proton Pass na Suwizalan, wanda ya fito a 2023, shi ma haka. Akwai kuma dangin KeePass, wadda wani Bajamushe, Dominik Reichl, ya fara a 2003: babu kamfani, babu rajista, fayil ne guda a kan wayarka, a Android ka buɗe shi da KeePassDX ko babu data. Sai dai in wayar ta faɗa rijiya ba ka ajiye kwafi a wani wuri ba, babu wanda za ka kira. Ni Bitwarden na zaɓa wa Gwaggo, ba don na amince da su ba, sai don na gwada fitar da komai daga cikinta a minti biyu na ga ya yiwu. Kai ma ka gwada wannan a ranar farko, sannan ka goge fayil ɗin da ka fitar, domin shi tsirara yake, ba kulle.

Wani zai ce, ai wayata ta zo da tata, Google na ajiye min, ko Apple. Ta fi babu nesa ba kusa ba. Amma makullin wannan taskar shi ne makullin fuskar wayarka, wato zanen nan da kake ja da yatsa a cikin adaidaita sahu, na kusa da kai yana kallo. Shi ne wanda mai gyaran waya zai ce, "Oga, buɗe min ita ka bar min, ka dawo bayan la'asar," ka kuwa bar masa. Shi ne wanda mai ƙwacen waya zai tambaye ka da wuƙa a hannu. A garin da haka ke faruwa, taskar da ke da nata kulle daban ba ƙawa ba ce.

Kuma don Allah a daina karɓar irin wannan manhaja ta Xender daga wayar aboki, ko wadda aka ce "an fasa ta, komai kyauta". Ba wa kura ajiyar nama ke nan. Ko a kasuwar Apple, da duk tsaurinta, a Fabrairun 2024 sai da aka kama wata ta bogi mai suna LassPass, harafi ɗaya kawai aka sauya daga sunan LastPass. Ka duba sunan kamfanin da kyau kafin ka sauke.

Saura makullin kansa. An daɗe ana wahalar da mu da dokar babban harafi, alama, lamba, a kuma sauya duk bayan wata uku. Wanda ya rubuta wannan shawara a hukumar ma'auni ta Amurka a 2003, Bill Burr, shi da kansa ya fito a 2017 ya ce ya yi nadama, hukumar kuma ta koma kan tsawo. Kalmomi biyar ko shida da ba su da dangantaka da juna sun fi sunan ɗanka da shekarar haihuwarsa ƙarfi. Ban da karin magana, ban da aya, ban da baitin waƙa, domin duk abin da jama'a suka haddace, kwamfuta ma za ta iya haddacewa. Ka rubuta a takarda, ka ajiye inda kake ajiye takardun gida, saboda yawancin waɗannan kamfanoni ba su da hanyar dawo maka da shi in ka manta.

Na Gwaggo kalmomi shida ne, ita ta zaɓe su da kanta, ɗaya sunan wata akuya ce da ta mutu tun ban yi wayo ba. Takardar tana ƙasan adakarta. Ɗaya daga cikin mutum biyun da suka tura wa ɓarawo kuɗi har yanzu bai yarda cewa ba ita ta karɓa ba.