Ba Kowane Ƙari Ne Ake Bari Ya Kwana Ba

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, yau ina son mu tattauna a kan wata cuta wadda ba kasafai ake jin sunanta ba, wato sankarar tsokar mahaifa, wadda likitoci ke kira sakoma. Ba ta da yawa, domin a cikin mata ɗari masu sankarar mahaifa, waɗanda ke da irin wannan ba su kai goma ba. Sai dai ƙarancinta bai rage mata mugunta ba.

Babbar matsalar ita ce kamar da take yi da ƙarin mahaifa, wannan da aka saba gani ga mata da yawa kuma ba sankara ba ne. Alamominsu kusan ɗaya ne: zubar jini ba bisa ƙa'ida ba, ciwon mara, jin nauyi ko kumburi a ciki. Hoton da ake ɗauka a asibiti ma ba koyaushe yake bambance su ba. Sau da yawa sai an yi tiyata an kai tsokar ɗakin gwaji sannan gaskiya ta fito. Wannan ne ya sa a shekarar 2014 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan injin da ke daddatsa ƙari a cikin ciki, saboda idan sankara ce ta ɓuya, sai ya watsa ta.

To, ina mafita? Ƙarin da ba sankara ba yakan ƙanƙance bayan mace ta daina al'ada. Don haka idan ya ci gaba da girma a wannan lokaci, ko jini ya dawo bayan ya ɗauke, lallai a garzaya asibiti. Cutar ta fi kama matan da suka haura shekara 40, kuma ta fi yawa ga baƙar fata. Haka nan wadda aka taɓa gasa wa ƙugu da haske saboda wata sankara, ko ta daɗe tana shan maganin tamoksifen, ita ma ta sa ido.

Makomar mai cutar ta danganta ga nau'inta da kuma lokacin da aka gano ta. Nau'in da ke fitowa daga tsoka yana bin jini ya tafi huhu, kuma ko an cire shi da wuri, yakan dawo wa kusan rabin masu shi. Akwai kuma mai tafiyar hawainiya da ke tsirowa daga shimfiɗar cikin mahaifa, wanda mafi yawan masu shi kan rayu shekaru masu yawa. A kowane hali, babban magani shi ne cire mahaifar gaba ɗaya.

A nan ne nake ganin muke da gyara. Wasu za su ce ai kunya adon mace ce, kuma rabuwa da mahaifa ba ƙaramin rashi ba ne, musamman ga wadda ba ta gama haihuwa ba. Gaskiya ne. Amma a ganina, kunyar da za ta hana uwa faɗin cewa tana ganin jini ta tashi daga ado ta koma cuta. Maigidan da ya hana a yi aiki don tsoron surutun dangi, ko ya tsaya ga jiƙe-jiƙe har wata shida, ya sani icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Idan mun je hutu, mu zauna da iyayenmu mata da gwaggonninmu, mu faɗa musu wannan cikin ladabi. Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.