Baiwa da kira: ba kowa ne zai hau mumbari ba

Kwanan baya wani maƙwabcina Kirista, ɗan kasuwa a Maraɗi, ya same ni da fuska a murtuke. Tun da daɗewa ya yi wa Allah alkawari cewa ɗansa na fari zai zama fasto. To, ga yaron ya gama lakwal, amma ya ce zuciyarsa ba ta wajen makarantar Littafi Mai Tsarki. In aka tsai da shi gaban jama'a harshensa nauyi yake yi, amma a miƙa masa injin ban ruwa da ya mutu, kafin la'asar ya tashe shi. Masu lambu na bakin Gulbi sun san shi sarai. Uban ya ce mini: "Malam, ina tsoron yaron nan gudun kiran Allah yake yi."

Na ce masa: Maigida, mu duba abin da littafin ya faɗa. A Linjilar Matiyu, sura 25, Yesu Almasihu ya ba da misalin wani attajiri da zai yi tafiya, ya raba wa barorinsa uku dukiya: wannan talanti biyar, wancan biyu, na ƙarshe ɗaya, kowa gwargwadon ƙarfinsa. Talanti ba ƙaramin kuɗi ba ne, ana ƙiyasta shi da ladan ɗan ƙwadago na kusan shekara ashirin, kuma daga nan ne Faransanci ya samo kalmar da yake kiran baiwa da ita. Biyu suka juya jarinsu ya ninka, ɗaya ya haƙa rami ya binne nasa don tsoro. Ɗan kasuwa ba ya bukatar a fassara masa wannan. Abin lura shi ne, mai biyu bai sha faɗa don bai kawo ribar mai biyar ba. Yabo iri ɗaya aka yi musu. Wanda ya binne ne kawai ya ji kunya.

Manzo Bulus, a wasiƙarsa ta fari ga Korintiyawa, sura 12, ya kwatanta ikkilisiya da jiki mai gaɓoɓi da yawa, inda ido ba ya iya sallamar hannu. A Romawa 12 kuma ya jera hidima da kyauta da shugabanci da jinƙai tare da annabci da koyarwa. Bezalel na littafin Fitowa, sura 31, maƙeri ne kuma masassaƙi, amma an ce an cika shi da Ruhun Allah don wannan sana'a. Ma'aikatanmu na biro su ma suna da rabo: a Ayyukan Manzanni 6, da gunaguni ya tashi kan rabon abincin gwauraye, mutum bakwai aka zaɓa masu kyakkyawan suna su riƙe aikin. Wato riƙon sito da amana shi ma kira ne.

Mu a nan ba sai mun je nesa ba. Mishan ta SIM ta buɗe likitar Galmi a 1950, kuma yawancin waɗanda suka kwanta can sun san ta ne ta hannun mai allura da mai wanke miki. Ga kuma Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, masanin noma da ya zo Nijar a 1981 yana ganin kiransa shi ne dasa itatuwa. Ya dasa, akasarinsu suka mutu, har ya kusa fid da rai. A 1983, ya tsaya kan hanya yana rage iskar taya saboda rairayi, sai ya lura cewa ƴan tsirran da ake sarewa a gona kututture ne masu rai da saiwa a ƙasa. Daga nan sassabin zamani ya kama hanya, manoma suka ɗauke shi suka yaɗa da kansu, har masu bincike suka ƙiyasta ya kai hekta miliyan 5. Ba baiwarsa ce ta canza ba. Faɗuwa ce ta nuna masa inda zai sa ta.

Sai dai kada a ɗauka duk abin da rai ya so shi ne kira. Na ga masu cewa an kira su alhali wuyar konkur suke gudu, ko kujerar gaba suke hange. Shi ya sa tun farko ba a bar mutum ya yi wa kansa shaida shi kaɗai ba. A Antakiya, sai da jama'a suka yi azumi da addu'a kafin su keɓe Barnaba da Shawulu. Ma'aunin da na fi amincewa da shi shi ne: wane aiki ne mutane suke zuwa ƙofarka dominsa ba tare da ka yi talla ba, kuma wa yake amfana in ka yi shi?

Maƙwabcina ya yi shiru, sannan ya ce alkawarin da ya ɗauka ne ya fi damunsa, zai kai maganar gaban dattawan ikkilisiya bayan kaka. Da na tambayi yaron, aka ce tun da asuba ya tafi Jiratawa, wani inji ya tsaya kuma shuka tana jiran ruwa.