Littafin Kiwon Babbar Kyanwa da Babin da Ake Tsallakewa

A ƙasashen Turai da Amurka, da wuya mutum ya shiga babban kantin littattafai bai tarar da jerin littattafan kiwon kyanwa ba, kowane jinsi da nasa. Wannan ba sabon abu ba ne. Tun a shekarar 1871 aka yi babban bajekolin kyanwoyi na farko a birnin Landan, mutumin da ya shirya shi kuwa, wato Harrison Weir, ya wallafa littafi a kansu a 1889. Mai karatu na iya cewa, ina ruwan mage da littafi, dabbar da ke kiwon kanta a bayan rumbu? Gaskiya ne, magen gida ba ta neman jagora. Amma kyanwar da ɗan Adam ya shafe shekaru yana zaɓar iyayenta don girman jiki da tsawon gashi, wannan kam ta zama amana a hannun mai ita, jahilcinsa kuwa na iya zama ajalinta.

A ɗauki misalin jinsin da ake kira Maine Coon, wanda asalinsa jihar Maine ce a arewa maso gabashin Amurka, jihar da ta ayyana shi a matsayin kyanwarta a 1985. Muzurun wannan jinsi kan kai kilo 6 zuwa 8, wani ma ya zarce, kuma ba ya gama girma sai ya shekara 3 zuwa 5, alhali magen gida ta kusan gama nata a shekara guda. Wanda bai san haka ba, sai ya ga ɗan shekara biyu dogo siriri, ya ɗauka rama ce, ya yi ta ɗura masa abinci har ƙiba ta danne gaɓoɓinsa. Ga shi kuwa jinsin yana cikin waɗanda ake yawan samu da gurɗewar mahaɗar ƙugu. Shafi guda na littafi mai kyau ya isa ya hana wannan.

Haka batun gashi. Dogon gashi a kyanwa ya samo asali ne daga sauyi a wata ƙwayar gado da masana ke kira FGF5, kuma hali ne mai ɓuya, wato ba ya bayyana sai ɗa ya gaje shi daga uwa da uba duka biyu. Ɗalibin da ya karanta gwajin Mendel da wake zai gane wannan nan take. Magen jeji ta Afirka, kakar duk kyanwoyin gida, gajeren gashi gare ta, harshen kyanwa kuma da irin wannan gashin ya dace. A 2018 wasu masu bincike biyu a Amurka, Alexis Noel da David Hu, sun nuna cewa ƙayoyin da ke kan harshen kyanwar Farisa ba sa ratsa gashinta su kai ga fata. Ke nan komai lasarta, ƙasan gashin zai dunƙule, fata ta yi ciwo a ƙarƙashinsa, gashin da ta haɗiye kuma ya taru a ciki. Mataji a hannun mai ita shi ne ke cike abin da harshe ya kasa.

To amma duk wannan ƙaramin amfani ne. Babban amfanin littafin yana cikin babin da yawancin masu saye ke tsallakewa don su kai ga hotuna, wato babin cututtukan gado. Makiyayin da ya tashi cikin garke ya san halin Bunaji da na Bokoloji tun yana yaro, domin ya ji daga bakin mahaifinsa. Wanda ya sayi kyanwa guda ɗaya a birni ba shi da wannan gata. Tsaftace jinsi kuwa yana nufin haɗa dangi da dangi, kuma duk inda aka yi haka, munanan ƙwayoyin gado kan yaɗu tare da kyawawa.

Maine Coon ta yi suna da wata cutar zuciya, inda bangon ɗakin zuciya na hagu ke yin kauri har ya rage wurin da jini zai cika. Kyanwa na iya yin shekaru tana wasa ba alamar komai, rana ɗaya numfashi ya yi wuya, ko gudan jini ya toshe babbar jijiyar da ke kai jini ƙafafun baya su shanye, ko kuma ta faɗi matacciya. A 2005 Kathryn Meurs da abokan aikinta suka gano sauyi a ƙwayar gadon MYBPC3 da ke da hannu a cutar, daga baya kuma aka samu kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda aka gwada suna ɗauke da shi. Ita kuwa kyanwar Farisa tata matsalar ƙoda ce, inda ƙuraje masu ruwa ke cika ƙodar a hankali, an kuma gano ƙwayar gadon da ke jawo ta a 2004. Yanzu da ɗan abin da aka gogo daga cikin kunci ana iya gwada duka biyun. Mai littafi a hannu zai tambayi mai sayarwa takardar gwajin iyaye kafin ya biya kuɗi. Wanda bai karanta ba, launin ido kaɗai zai duba.

Daga nan kuma iyakar littafin take fitowa. Duk wanda aka buga kafin 2005 ba zai ambaci gwajin zuciyar ba, komai kyan bangonsa, saboda haka shekarar bugu ita ce abu na farko da ya kamata a duba. Waɗansu kuma masu kiwon sayarwa ne suka rubuta su, mai tallar kaya kuwa ba ya kushe hajarsa. Irinsu kan cika shafuka da labarin cewa jinsin ya samu ne daga barbarar kyanwa da dabbar nan mai zoben wutsiya da ake kira rakun, abin da ba zai yiwu ba tunda danginsu daban ne, sannan su ba cututtuka rabin shafi. Mafi haɗari shi ne littafin da ke nuna cewa gwaji ya gama magana. Akwai kyanwar da ke ɗauke da sauyin ba ta taɓa yin ciwo ba, akwai wadda gwajinta ya fito lafiya lau amma zuciyarta ta yi kauri ta wata hanyar. Littafin kirki zai faɗi haka ɓaro-ɓaro, ya tura mai kyanwa wurin likitan dabbobi a riƙa duba zuciyar da na'urar ɗaukar hoto mai aiki da sauti lokaci-lokaci.

Sai kuma batun yanayi. Kusan duk littattafan nan an rubuta su ne don ƙasashen ƙanƙara. Wanda ya kai irin wannan dabba garin da zafin bazara ke haura digiri 40, zai tarar da dogon bayani kan yadda gashinta ke kare ta daga sanyi, amma batun inuwa da ruwan sha da alamun bugun zafi, wannan sai ya nema a wurin likitan dabbobin garinsu.