Dala hamsin mai launi biyu

A shekarar 1992 ne bankin BCEAO ya fito da ƙarfen dala hamsin, wato tamma 250, kafin na dala arba'in da na dala ɗari su biyo baya a 2003. Bai yi farin jini ba. Daga Hawandawaki har Tasawa, mai tebur kan juya shi ya maida wa mai shi, alhali bankin bai soke shi ba.

Masu tara kuɗin ƙarfe a Turai kuwa adana shi suke, amma wanda bai sha hannu ba, mai ƙyallinsa na maƙerar Faransa. Nan ne wasu ke tabka hasara: sai su dirje tsoho da toka, wai ya ƙara daraja. Masani na ɗora masa madubi zai ga ƙarzar, ya ƙi tayawa.