Kama Iskar Kabon a Masana'antar Alminiyum: Rigakafi Ya Fi Magani

Sanin kowa ne cewa tukunyar alminiyum ta shiga kowane gida, tun daga 'Yargoje har Faskari da Sabuwa. Haka kuma farar ƙasar da Allah ya hore wa yankin Ƙanƙara tana ɗauke da sinadarin alumina, tushen wannan ƙarfe, har masana a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka yi gwaje-gwajen tace shi daga cikinta. Saboda haka muhawarar da ake yi kan hayaƙin masana'antar alminiyum ta shafi mutanen wannan yanki.

Tun shekarar 1886 da wutar lantarki ake raba alminiyum da alumina, cikin manyan tukwane masu sandunan kabon. Sandunan kan ƙone sannu a hankali, su fitar da kimanin tan ɗaya da rabi na iskar kabon, mai ɗumama duniya, a kan kowane tan na ƙarfe. Wasu na ganin mafita ita ce a kama iskar a binne ta a ƙarƙashin ƙasa, kamar yadda Norway ta fara yi a Sleipner a 1996.

To amma akwai cikas. Hayaƙin tukwanen yana cuɗanya da iskar waje, ta yadda iskar kabon ba ta wuce wajen kashi 1 cikin 100 ba, alhali a tashar lantarki mai ƙona kwal takan haura kashi 10. Tsamo ta daga irin wannan tsarki yana cin kuɗi da makamashi ainun. Bugu da ƙari, kowane tan na alminiyum yana lashe wutar lantarki kimanin kilowat-awa 14,000, kuma mafi yawan hayaƙin masana'antar a duniya daga samar da wannan wuta yake fitowa.

Nijeriya ta ga darasi a kamfanin ALSCON na Ikot Abasi, wanda ya fara aiki a 1997, ya tsaya a 1999, ya farfaɗo a 2008, ya sake tsayawa a 2013, matsalar iskar gas na cikin dalilai. Masana'antar da ta kasa samun makamashin narka ƙarfe, ina za ta samo na kama hayaƙi?

Hanyar da ta fi dacewa ita ce hana hayaƙin fitowa tun farko. Sake narka tsohon alminiyum yana bukatar kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai na makamashin yin sabo, kuma wannan shi ne aikin 'yan gwangwan da maƙera masu zubin tukwane. Illarsu ita ce gawayin da suke ƙonawa, wanda ke cinye itatuwa. Ya kamata jami'o'i su ƙera musu murhu mai tattalin gawayi, gwamnati kuma ta fifita lantarkin ruwa da na rana kafin ta zuba dukiya a na'urorin kama hayaƙi.