WAI WAYA CE TA LALATA MATA?

Abin da ya sa na ɗauki biro yau wata magana ce da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, wato cewar da wasu maza ke yi wai wayar hannu ce ta lalata matan aure, don haka gara a raba mace da ita.

To jama'a, mu waiwaya baya. Kafin 2001, wayar tarho sai ofis da gidan masu hali. Mu talakawa in saƙo ya kama, sai mu ɗauki muryarmu a kaset mu ba matafiyi, ko mu zazzage wa mai rubuta wasiƙa sirrinmu. A watan Agustan 2001 MTN da Econet suka fara aiki a Nijeriya, layi kaɗai ya kai naira dubu ashirin, sai alhazan birni ke riƙe shi. Da Glo ta shigo a 2003 farashi ya karye, direba ya saya, tela ya saya, ɗalibi ya saya. Matar aure ce ta ƙarshe, ita ma sau da yawa kwancen maigida aka miƙo mata. Yanzu fisabilillahi, wadda ta zo ƙarshe ita ce mai laifin farko?

Da idona na ga illar wannan tunani. Wata maƙwabciyata mijinta ya ƙwace wayarta saboda zargi, ya yi tafiyarsa. Tsakar dare naƙuda ta zo mata da zubar jini, ba ta da hanyar kiran kowa, sai 'yarta ƙarama ce ta fito cikin duhu tana buga mana ƙofa tana kuka. Da wayata muka kira mai mota. Wallahi ba don da sauran shan ruwa ba, da yanzu wani zance ake.

Ban ce babu masu ɓata rawarsu da tsalle ba. Akwai mai barin tuwo ya ƙone tana gulma a WhatsApp. Amma mai hali ba ya fasa halinsa, tun zamanin aiken yara da wasiƙa ake wannan. Da wayar nan dai mace ke sayar da turarenta daga cikin ɗaki, ta saurari karatun malamai, ta gai da mahaifiyarta a ƙauye.

Don haka maigida, gyara tarbiyya da zamantakewa, ka bar mata wayarta. Ke kuma 'yar'uwa, riƙe ta da mutunci, kada ki ba su abin faɗa. Allah Ya sa mu gane, amin.